Ku zazzage buhun kayan wasan nan kafin yara su taɓa

Duk iyalin da suka sauka nan Ingila da yara, kafin su yi mako biyu sai wani a cikinmu ya kai musu buhun kayan wasan da 'ya'yansa suka girme wa. Ina alfahari da wannan hali namu, ba ma barin baƙo hannu rabbana. Amma a irin wannan buhun na kusa rasa ɗana, shi ya sa raina ke ɓaci idan sabuwar zuwa ta ce min, "Haba Yaya, nan fa Turai ce, ai komai an tantance."

Abin da aka tantance yana ɗauke da shaidarsa a kwali: tambarin CE ko UKCA, sau da yawa har da EN 71, wato ƙa'idar kayan wasa ta Turai. Na Amurka ASTM F963 ce. Wannan ba wuya, kallo ɗaya ne. Jan zobe mai fuskar jariri da 0-3 kuwa ba auna wayon yaro yake yi ba, don haka a daina ce min "nawa ya fi shekarunsa". Nufinsa akwai ƙananan abubuwan da za su iya shaƙe shi.

To, kayan cikin buhu ba kwali, ba takarda, wani ma an saye shi ne da araha a intanet daga inda ba a sani ba.

Nawa wata 'yar mota ce mai kiɗa da fitila. Murfin batirin ya tsage, ban kula ba. Yaron yana da wata 20 a lokacin. Da yamma ya ƙi cin komai, yawu na ta dalala, yana ta ƙoƙarin amai. Na ce haƙori ne. Allah ya sa babansa ya ɗauki motar ya ga ta daina kiɗa, ya juya ta, sai ga gurbin batiri ɗaya fayau. Irin ƙaramin nan ne mai kama da maɓalli. Mun ɓata kusan rabin awa muna ɗaga kujeru muna nema, abin da har yau ban yafe wa kaina ba. A asibiti hoto ya nuna shi maƙale a maƙoshi, a daren aka shiga da shi aka ciro. Likitar ta yi min bayani: da zarar yawu ya jiƙa batirin, sai ya fara samar da sinadari mai ƙuna irin soda, kuma cikin awa 2 yana iya yi wa maƙoshi mummunan lahani. Ko batirin da ya daina kunna abin wasa yana iya yin wannan lahani.

Saboda haka duk abin da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da sukuru ba, ku fitar da shi daga gidan. Haka ƙananan maganaɗisu, biyu a ciki suna manne hanji har su huda shi. Idan ko zargi kuka yi yaro ya haɗiye ɗayansu, kada ku sa shi amai, kada ku tsaya kiran ƙawa neman shawara. Ku wuce sashen gaggawa ko ku kira lambar gaggawa ta 999, ku tafi da abin wasan a hannu.