Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran AC ɗin Tsohuwar Mota

Bazara na kamawa, daga Maris zuwa Mayu, garejin masu AC a Kano ko Sakkwato sai ya cika maƙil, kuma kowa da magana ɗaya yake zuwa: "Oga, a ƙara min gas." Daga nan ɓarnar kuɗi take farawa. Gas ɗin AC ba ya ƙonewa, zagaye kawai yake yi cikin rufaffen bututu. In ya ƙare, to akwai inda yake yoyo, kuma ɗura sabo ba a toshe ba zuba ruwa a kwando ne.

Neman yoyon bai kai wahalar da ake zato ba. Gas tare da man kwamfiresa (famfon da ke tura gas ɗin) yake tafiya, shi ya sa duk inda ya fita za ka ga maiƙo, ƙura ta manne ta yi baƙi. Duba mahaɗar bututu inda zoben roba ya bushe, da bakin kwamfiresa, da kwandensa (mai fitar da zafin gas, wadda tsakuwa ke yawan hudawa) da ke gaban lagireto. A shafa kumfar sabulu a ga ko za ta yi ƙwai. In waje lafiya, sai a zargi sashen da ke sanyaya iska a cikin dashbod, aikin da makanikai da yawa ke gudu saboda kwance-kwancensa.

Sau da yawa ma laifin ba na gas ba ne. Ka tayar da mota, ka kunna AC, ka saurari "ƙas" ɗin kulocin kwamfiresa. In bai kama ba, a fara da fis da rile. Wani zai ce bari ya haɗa maka waya kai tsaye. Kada ka yarda. Makunnin da ya tsallake shi ke kashe kwamfiresa in gas ya yi ƙasa, don kada ta yi ta juyi babu mai har ta ƙone. In kuwa akwai sanyi a kan babban titi amma a cunkoso sai iska mai ɗumi, fanka ce ta mutu, ko ƙurar hunturu ta toshe kwandensa. In ƙura ce, wanki da ruwa marar ƙarfi ya wadatar.

Sai batun irin gas. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993, irin su Peugeot 505, da R12 suka fito, wanda aka daina saboda yarjejeniyar kare muhalli ta Montreal ta 1987. Na bayansu, kamar 406, R134a suke sha. Man su biyun ba ɗaya ba ne, don haka kafin a juya tsohuwa zuwa R134a sai an wanke layi, an canza mai da zoben roba da diraya mai tsotse danshi. R22 na AC ɗin ɗaki kuwa ƙarfinsa ya fi na mota, fasa tiyo yake. Gas ɗin girki, wannan wasa da wuta ne.

Wanda ya buɗe layi ya ɗura gas nan take, ya rufe iska da danshi a ciki. Dole a sa injin zuƙe iska na kamar minti 30, a kashe, a zuba wa allurar geji ido. In ta motsa, yoyon na nan.

Yawan gas kuma ba shi ne yawan sanyi ba. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna giram nawa motar ke ɗauka, galibi tsakanin 450 da 800 a ƙananan motoci. Da sikeli ake aunawa, ba da taɓa bututu a ce "ya yi" ba. In ya wuce kima, sanyi raguwa yake, inji ya yi nauyi, allurar zafi ta hau. Ta bututu mai kauri ake ɗurawa, mai murfi da harafin L. Na H ƙarfinsa na iya fasa gwangwani a hannu, kuma gas ɗin in ya fantsama a ido yana iya makantarwa, don haka a sa tabarau.