Yadda za ka riƙe ƙananan ayyuka a ƙarƙashin uwarsu a Asana

Matsalar da ke yawan damun masu amfani da Asana, manhajar tsara ayyuka, ita ce a fasa babban aiki gida-gida, bayan sati biyu ka buɗe jerin ayyukanka ka tarar da wani abu wai shi "kira shi" ko "biya kuɗi", ka rasa wa za a kira, kuɗin mene ne. To gyaran nan tun daga wajen ƙirƙira ake fara shi.

Kar ka rubuta ƙaramin aiki a waje da niyyar za ka haɗa daga baya, mantawa za ka yi. Buɗe uwar aikin, wato babban aikin, tukuna, a ce "Buga katin taron bita", kana ciki ka danna maɓallan Tab da S tare a kibod, layi zai fito a ƙasa sai ka rubuta. In kuma an riga an rubuta shi a waje ba sai ka goge ba, shiga ɗigo ukun nan na sama akwai wurin mayar da shi ƙaramin aiki, ka zaɓi uwar da zai zauna ƙarƙashinta.

Ga inda mutane suka fi faɗawa, ƙaramin aiki a Asana ba ya gadon wasu muhimman abubuwa kai tsaye daga uwarsa, ba ya ɗaukar sunan wanda aka ba aikin, ba ya ɗaukar ranar gamawa, kai har furojek ɗin da uwar take ciki, wato rukunin da ake tara ayyuka masu alaƙa, ba ya shiga da kansa, shi ya sa za ka duba kalandar furojek ka ga babu shi alhali yana nan a kwance ba mai kula shi. Don haka kowane ɗaya ka buɗe shi, Tab da A ka sa mai yi, Tab da D ka sa rana, in kana so ya fito a furojek ɗin sai Tab da P. Wallahi wannan minti ɗayan yana rage rigima sosai tsakanin abokan aiki.

Sunan ma a kula. "Biya mai bugu kuɗin katin taro" ya fi "biya kuɗi" nesa ba kusa ba, ko da Asana tana nuna sunan uwar a gefe da rubutu mai dishi-dishi, a waya ba kowa ke lura ba.

Asana ta yarda a yi ƙarami cikin ƙarami har hawa 5, ni dai shawarata kar a wuce hawa ɗaya, in abu ya kai ga haka gara a buɗe masa furojek nasa. Sannan rufe uwa ba ya rufe 'ya'yan, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa mata alamar an gama.

Masu shigo da ayyuka daga fayil ɗin CSV kuma, wato fayil mai jerin bayanai layi-layi kamar tebur, ku tabbata sunan uwar da kuka rubuta a layin ƙaramin aikin ya yi daidai harafi da harafi, kuma uwar ta zo a sama kafin 'ya'yanta.