Kurakuran da Ke Ɓata Kofi a Wuraren Shansa

Yawancinmu a Kaduna mun fara sanin kofi ne a teburin mai shayi, inda ake kaɗa garin Nescafé a ruwan zafi, a cika masa madara da sukari. Da wannan sabon muke shiga wuraren shan kofi na zamani a Barnawa ko Unguwar Rimi, shi ya sa ake miƙa mana duk abin da aka ga dama, mu biya kuɗi mai tsoka, mu fita ba tare da mun san an tauye mu ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar ɗaci a matsayin ƙarfi. Kofin da ɗacinsa ke kama maƙogwaro, galibi ko dai an ƙona 'ya'yansa wajen suya, ko an kwara masa ruwa yana tsaka da tafasa, ko kuma an bar garin ya daɗe a ruwa. Zafin da ya dace shi ne digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Celsius, wato a sauke ruwan daga wuta, a ɗan dakata kafin a zuba. Idan kuwa tsami ne ya rinjaya, kofin ya yi tsararo, to an yi gaggawa ko niƙan ya yi tsaki-tsaki, kuma gyaransa shi ne a ƙara wa garin laushi. Espresso mai kyau, wato ɗan kofin nan mai kauri da inji ke matsowa, yakan gama tsiyaya daga inji cikin daƙiƙa 25 zuwa 30.

Akwai kuma masu niƙa na mako guda a lokaci ɗaya su ajiye a buɗaɗɗen gwangwani, alhali ƙamshi yana fara gudu ne da zarar an niƙa, balle a zafin bazara ko laimar damina. Ba rashin kunya ba ne mai saye ya tambayi lokacin da aka yi niƙan, ya kuma tambayi irin da aka sa. Cikin manyan ire-iren kofi biyu, Robusta ya fi Arabika ɗaci, kafeyin ɗinsa kuma, wato sinadarin da ke wartsake mai sha, ya kusa ninka na Arabika, Arabikan kuwa ana noma shi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba.

Madara ma idan zafinta ya wuce digiri 70, zaƙinta yakan gushe.

Namu laifin, mu masu sha, shi ne zuba sukari tun kafin mu ɗanɗana. A fara da kurɓi biyu ba komai a ciki, a jira ya ɗan huce a sake kurɓa, domin a lokacin ne ɗanɗanon da zafi ya ɓoye yake fitowa, mai kyau ne ko ƙonanne.