Lasisin manhaja: kurakuran da ke jawo wa kamfani tara

Ba duk kamfanin da aka ci tara kan lasisin manhaja ne ɓarawo ba. Wani ya biya kuɗinsa cif, takardar shaida ce kawai ta ɓace masa, amma a wurin masu bincike da shi da mai satar fasaha duk ɗaya ne. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake so mai kamfani ya san ramukan kafin ya faɗa.

Babban kuskure shi ne sakaci da rasit. BSA, ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera manhaja, wadda aka kafa a 1988, tana bin kadin kamfanoni irin su Microsoft da Adobe da Autodesk, kuma abin da ta fi nema shi ne shaidar saye mai kwanan wata, ɗauke da sunan kamfaninka. Kwali ko faifai ko lambar kunna manhaja sau da yawa ba sa gamsar da ita. Ka buɗe fayil guda, ka adana kowane rasit, ka rubuta wace manhaja ce ke kan wace kwamfuta. Wanda ya riga ya ɓace, ka nemi dillalin ya sake ba ka tun yana da shi.

Sai kuma tsohuwar kwamfuta da ake miƙa wa wani ma'aikaci ba a goge ta ba. An saya wa mai zane sabuwa, tsohuwar ta koma teburin akawu, manhajar zanen tana nan kwance a ciki, ba mai taɓa ta. Bincike ba ruwansa da ko ana amfani da ita; tana kan na'ura, an ƙirga. Irin wannan ne ya sami Ernie Ball, kamfanin tsirkiyar gita na Amurka, a shekarar 2000. Ya biya dala 65,000, ban da kuɗin lauyoyi, aka kuma yayata sunansa. Haushin abin ya sa shugabansa, Sterling Ball, ya watsar da kayan Microsoft ya koma Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta. A ganina, tozarta wanda sakaci ne laifinsa kamar wanda ya yi ganganci ba adalci ba ne. Maganin dai mai sauƙi ne: duk kwamfutar da za ta sauya hannu a wanke ta tas.

Kalmar "kyauta" ma tana yaudara. TeamViewer, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, kyauta ce don amfanin kai, ban da kasuwanci. Docker Desktop, ta masu rubuta manhaja, tun 2021 ta koma ta kuɗi ga manyan kamfanoni. Java ta kamfanin Oracle, wadda manhajoji da yawa ke gudana a kanta, ta fi ban tsoro: daga Janairun 2023 ana lissafin kuɗin rajistarta da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ko da mutum biyar ne ke aiki da ita. Idan OpenJDK (Java ta kyauta) ko LibreOffice (manhajar aikin ofis ta kyauta) za su biya buƙata, a koma can. Windows ɗin da ta zo a cikin sabuwar kwamfuta kuwa a ɗaure take da wannan na'urar, ba a mayar da ita wata.

Ranar da wasiƙar bincike ta iso, nan ne mutane ke ruɗewa. Wani ya kwana yana goge manhajoji, wani ya ruga kasuwa ya sayi lasisi. Gogewar na iya zama ɓoye shaida, sayen kuma ba ya wanke baya, domin ana duba yadda kwamfutocin suke a ranar da ke kan wasiƙar. Kada ka manta, sau da yawa tsohon ma'aikaci ne ya tsegunta, BSA ma ta sha yin tayin tukuici ga masu kai rahoto, saboda haka mai yiwuwa sun riga sun san wani abu. Kada ka taɓa komai, kada ka amsa da kanka. Ka nemi lauyan da ya san harkar, ku karanta sashen bincike na yarjejeniyar lasisin, ku ga iyakar abin da aka yarda a duba, sannan ku ƙirga da kanku kafin ku miƙa ko takarda ɗaya.