Yadda Ake Warware Hasumiyar Hanoi a Waya ko Kwamfuta

Hasumiyar Hanoi, wadda a yau ake samu cikin wasannin waya masu wasa ƙwaƙwalwa, asalinta abin wasa ne na katako da masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Édouard Lucas, ya fitar a shekarar 1883. Turaku uku ne a tsaye, sai faya-fayai masu huji a tsakiya da aka jera a kan turken hagu, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Abin da ake so shi ne a kwashe su duka zuwa turken dama, bisa sharaɗin cewa faifai ɗaya kaɗai ake ɗauka a lokaci guda, kuma ba a ɗora babba a kan wanda bai kai shi girma ba. Masu ƙera manyan wasanni ma sun ari wannan dabara, domin wanda ya buga wasan bidiyo na Mass Effect na 2007 zai tuna cewa ya ci karo da ita a duniyar Noveria da ke cikin wasan.

Kafin ka taɓa komai, ƙirga faya-fayan, domin adadinsu ne ke nuna inda ɗan ƙaramin zai fara sauka. Idan adadin ba ya rabuwa gida biyu cif, kamar 3 ko 5 ko 7, ƙaramin faifai zai riƙa zagayawa daga hagu zuwa dama, daga dama zuwa tsakiya, sannan ya koma hagu. Idan kuwa adadin yana rabuwa, kamar 4 ko 6, zai bi hagu, tsakiya, dama, ya sake dawowa hagu. Wannan zagaye ba ya canzawa har ƙarshen wasan.

Daga nan sai ka riƙa yin karɓa-karɓa: motsi ɗaya na ƙaramin faifai, motsi na gaba kuma na wani faifai dabam. A wannan motsi na biyu babu abin da za ka tsaya zaɓa, domin da zarar ka cire ƙaramin daga lissafi, faifai ɗaya ne tak yake da halastaccen wurin sauka. A ganina, nan ne yawancin 'yan wasa ke ɓata, saboda gaggawar latsa fuskar waya kan sa mutum ya motsa ƙaramin sau biyu a jere, alhali hakan asarar motsi ce kawai.

Da yake manhajojin kan ƙirga motsinka kafin su ba ka maki, yana da kyau ka san mafi ƙarancin abin da ake bukata. Faifai 3 na bukatar motsi 7, faifai 4 motsi 15, faifai 5 kuma 31, wato duk faifan da aka ƙara sai ka ninka adadin baya sau biyu ka ƙara ɗaya. Dalili shi ne, babban faifai ba zai gusa ba sai an kwashe duk na samansa zuwa turken da ya rage, sannan a sake kwaso su a ɗora masa. Saboda haka ka fara da faifai 3 har hannunka ya faɗa, kafin ka tunkari 8, wanda ke cin motsi 255. Almarar da aka jingina wa wasan tana maganar faifai 64, waɗanda ko da motsi ɗaya ake yi kowace daƙiƙa, sai an shafe kimanin shekara biliyan 585 ana kwasa.