Yadda Ake Shirya Tafiyar Farko da Iyali Zuwa Wurin Dangi a Ƙasar Waje

Kafin ku taɓa maganar tikiti, ku fara kiran waɗanda za ku sauka a gidansu, a yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe: mu nawa za mu zo, kwana nawa za mu yi, wane wata ne ba zai takura muku ba? Dangin da aka daɗe ba a gani ba sukan ce "ku taho kawai, ai gidanku ne" saboda kara, alhali ɗaki biyu ne a gidan, kuma mata da miji duk da sassafe suke fita aiki. Ku tambaya a fili ko akwai wurin kwanan yara, wa zai tarbe ku a filin jirgi, ko za su samu hutu a lokacin. Idan kun ji ana jan magana, ku da kanku ku kawo shawarar kama masauki kusa da su. A ganina wannan kira ya fi duk sauran shirin nauyi, don shi ke sa a rabu ana kewar juna.

Daga nan sai fasfo. Kowa da nasa, har jaririn goye. Ku duba ranar ƙarewar kowanne, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai wata shida ba ya ƙare. Ku kuma jera takardun kowane yaro ku duba yadda aka rubuta sunansa: harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa yana iya jawo tambayoyi a ofishin jakadanci.

Biza ce ke cin lokaci, don haka a fara ta da wuri. Masu masaukinku su aiko da takardar gayyata mai ɗauke da adireshinsu, da dangantakarku, da ranakun ziyarar. Ku kuma ku tanadi bayanan asusun banki da shaidar abin da zai dawo da ku gida, kamar takardar wurin aiki da ta makarantar yara. Kowace ƙasa da ƙa'idarta. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, alal misali, suna karɓar takardu tun ana saura wata shida a tafi, suna neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma zama ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ku karanta sharuɗɗan a shafin ofishin jakadancin da kanku, kada ku dogara da jita-jita. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da yaran, a riƙe takardar amincewar ɗayan da sa hannunsa. Kuma don Allah kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Yayin da ake jira, a je asibiti. Wasu ƙasashe suna neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai shan magani kullum ya karɓi takardar likita.

Wajen sayen tikiti, mafi arha ba kullum ne ya dace da masu yara ba. Jiran awa goma a wani filin jirgi da yaro mai rigimar barci wahala ce da ragin kuɗin ba zai biya ba, kuma wasu ƙasashen da ake yada zango suna neman tasu bizar. Yaron da bai kai shekara biyu ba yakan zauna a cinya da kuɗi kaɗan.

Magunguna, takardu, kayan canji na yara da batirin cajin waya duk a jakar hannu suke zama. Ruwa ko man shafawa a yawancin filayen jirgi ba ya wuce mililita 100 a kwalba, sai dai madarar jariri. Tsaraba kuma a yi hattara: Tarayyar Turai ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga waje, abin takaici ne a ga jami'an kwastan sun zubar da abin da aka ɗauko don goggo. Kuɗin hannu da ya kai Yuro 10,000 a can, ko ya haura Dala 10,000 a Amurka, dole a bayyana shi.

Kada a manta da yaran su kansu. A wurinsu waɗannan dangi baƙi ne. Ku riƙa kiran bidiyo tun da sauran makonni, ku nuna musu hotuna, ku ce wannan kawunku ne, wannan 'yarsa sa'arki ce. Ku gaya musu cewa 'yan'uwan nasu wataƙila ba sa jin harshen gida sosai, kada su yi musu dariya.

Daren tafiya, ku rubuta adireshin gidan da lambar wayar mai masauki a takarda, ku sa ɗaya a aljihun kowane yaro. Jami'in shige da fice zai iya tambayar inda za ku sauka, kuma a daidai lokacin waya na iya kasancewa ba caji ko ba intanet.