Kurakuran da ake yi wa tsofaffin gidajen ƙasa da sunan gyara

Duk wanda ya ratsa tsohon gari a Birnin Kebbi, ko ya bi lungunan bayan fada a Argungu da Gwandu, ya san irin gidan da nake nufi. Gaba an yi masa filasta, an shafa fenti mai sheƙi, an kafa ƙofar ƙarfe. Ka zagaya ta gefe sai ka tarar simintin ya kumbura ya rabu da bango, ƙasa na zubowa ta ƙarƙashinsa. Mai gidan ya kashe kuɗi da niyyar alheri, damina uku ko huɗu kuma bangon da kakansa ya bari lafiya ya fara neman kwanciya. Galibin ɓarnar da ake yi wa ginin ƙasa wajen gyara abu guda ce: a ba ruwa hanyar shiga, a toshe masa ta fita.

Filastar siminti ita ce kan gaba, don haka zan daɗe a kanta. Bangon tubali yana shan laima da damina, ta gindi da ta sama, sannan ya saki abinsa ta jikinsa idan rana ta fito. Yaɓen gargajiya ba ya hana wannan. Makuba da ake jiƙo daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, duk suna kore ruwan sama amma suna barin bango ya bushe. Siminti ba haka yake ba. Ya fi ƙasa tauri, kuma ba ya miƙewa da takurewa tare da ita tsakanin zafin bazara da sanyin hunturu, shi ya sa yake tsagewa. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita, ya zauna yana narka tubali a ɓoye. Gara ma ta samu duhu da sanyin da take so. Tsofaffin magina a nan kan ce, "Alhaji, ginin ƙasa numfashi shi ka yi, kak ka toshe mai hanci." Mai gida ya yi dariya, ya kira birkila.

In an riga an yi, ɗauki ƙotar guduma ko wani icce ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji yana amsawa kamar fanko, simintin ya riga ya saki. A ɓamɓare shi da rani, sashe sashe, kada a tuɓe bango gaba ɗaya rana guda, domin wani lokaci filastar ce kaɗai ta rage tana riƙe da abin da ya ruɓe a ciki. A bar wurin ya sha iska ya bushe sarai, a kankare ƙasar da ta mutu har a iske mai ƙarfi, a yayyafa ruwa kaɗan, a cike da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Cikon ma ba a yinsa da kauri lokaci guda. Ana sa shafi ɗaya, ya bushe, a ƙara wani. Wanda ke son gidansa ya yi fari ya shafa farar ƙasa. Fentin mai da siminti halinsu ɗaya wajen riƙe laima.

Kusa da wannan akwai cike gurbi da bulo. Wani ɓangare ya zube, sai a ce ai gara a sa abu mai ƙwari, a jera bulo a tsakiyar bangon ƙasa. Ba sa kama juna. Mahaɗar takan buɗe tun daminar farko, ruwa ya samu ƙofa. Abin haushin shi ne ƙasar da ta zube, wadda ake biyan masu kura su kwashe, ita ce ta fi dacewa da cikon, tunda daga ita aka yi bangon. A jiƙa ta, a ƙara ciyawa, a sake dunƙula tubali. Ta gindin bango kawai za a zubar, wadda ta yi fari fari da gishiri.

Sai gindin bango. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991 ake ta shimfiɗa tituna da gina lambatu, kuma duk sanda aka yi aiki hanya tana ƙara tudu. Gidajen da a da ake hawa dakali a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan layi ya taru a jikin bango, ya ci gindinsa ya yi masa kogo. Mutane na ganin kogon su liƙe da siminti, alhali matsalar tana ga inda ruwa ke kwanciya. A fara da gyara gangaren ƙasa yadda ruwa zai guji bango, a buɗe kwatar tsakar gida ta fita har lambatu, a tayar da dakali. Haka nan cikin ɗaki: idan aka zuba kankare aka manna tayil daga bango zuwa bango, laimar da a da take fita ta daɓe sai ta koma ta hau bango. Za ka ga alamarta, wani layi mai duhu kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, fenti na ɓarewa a kansa.

Bayi na zamani a cikin ɗaki ya kashe gidaje da yawa, ba don laifi ne a yi shi ba. Laifin shi ne a sassaƙe bangon ƙasa a binne bututu, ranar da mahaɗa ta fara ɗiga ba mai sani sai bango ya jiƙe ya tsuguna. A bi da bututu ta waje inda ido ke ganinsa. In da hali, a gina bayin da bulo a matsayin ɗaki mai zaman kansa, a bar ɗan tazara tsakaninsa da tsohon bango. Ramin sokawe kuma a nisanta shi daga gini, a nisanta shi daga rijiya, naka da na maƙwabci. Masana tsabtar ruwa kan ba da shawarar tazarar mita 15 zuwa 30 tsakanin masai da rijiya, abin da ba kowane gida a tsohon gari ke da filinsa ba, shi ya sa ake buƙatar zama da maƙwabta kafin a haƙa. A kuma tambayi tsofaffin matan gidan inda tsohon masai da tsohuwar rijiya suke. Su suka sani. An sha ɗora sabon ɗaki a kan ramin da aka cike shekaru da dama, ƙasa ta zauna, daɓe ya rufta.

Rufi shi ne inda ake yin kuskuren da ke cin rai. Soro yana tsaye ne a kan azara, wadda ake tsagowa daga giginya, an fi son namijinta saboda ƙwari da kuma gara ba ta cika cinta ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina ke jera ta hawa hawa daga kusurwa, ko su ɗaure bakan gizo, wato ɗaurin azara mai lanƙwasa kamar baka da ke tallafe rufi, ko su tsayar da ginshiƙi a tsakiya idan ɗaki na da faɗi. Wanda bai san wannan ba sai ya zo daga Abuja hutun Sallah, ya dubi shigifar mahaifinsa ya ce, "Baba, a fasa wannan bangon a haɗe ɗakunan nan a yi falo." Bangon nan kuwa shi ke riƙe da kawunan azara ta ɓangare biyu. Kafin a taɓa kowane bango na ciki, ko a faɗaɗa ƙofa, ko a huda babbar taga, a ɗaga kai a ga ta ina azara ta kwanta. In dole ne a buɗe, a tokare rufin tukuna, a sa abin da zai ɗauki nauyin, kuma kada a huda kusa da kusurwa.

Zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa, ko ɗora bene da bulo, wannan ba gyara a cikinsa. Kaurin bango yana ruɗin mutane, amma ƙasa in ta jiƙe ƙarfinta kan zube. Wanda ya nace sai bene, ya nemo injiniya a kafa ginshiƙai masu fandesho nasu dabam.

Mafi yawan sorayen da ke yoyo kuwa ba wata babbar cuta gare su ba. Indararo ne ya toshe da ganyen dogon yaro da shekar tsuntsu, ko ya karye ruwa na bin bango, ko rawani, wato 'yar katangar da ke kewaye da bakin soro, ya tsage. Aikin yini ɗaya ne kafin ruwan farko. Da an bar shi, ruwa ya kwanta a kan soro, ya ratsa, ya ruɓar da kan azara a inda ta shiga bango, wurin da ido ba ya kaiwa. A soka tsinken ƙarfe a wurin, in ya nutse cikin sauƙi a canja azarar. Akwai kuma masu ƙara ƙasa a kan soro duk shekara ba tare da sun kankare tsohuwar ba, nauyi na ta taruwa har azara ta lanƙwashe.

Ban ga laifin kwano ba, tunda masu hawa soro su yi yaɓe sun yi ƙaranci, azara ma ta yi tsada. Kuskuren shi ne a kwashe rufin ƙasa a bar kwano tsirara. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ka mayar da ɗakin da tsohuwa ke barcin rana a ciki wurin da ba ya shiguwa sai dare ya raba, ga wutar lantarki ba tabbas. In azara na da lafiya, a ɗora kwanon a saman soron, a bar sarari iska na wucewa tsakani. A zaro bakinsa ya wuce bango sosai don kada ruwan da ke zubowa ya riƙa dukan gini, amma kada ya zuba a bangon maƙwabci. A ɗaure katakon da kyau cikin bango, domin iskar farkon damina ba ta wasa da kwanon da aka ɗora aka danne da duwatsu.

Wani kuskuren ya wuce gida ɗaya, na unguwa ne. Kududdufan da ke cikin tsohon gari, daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen, kuma nan ruwan shiyya ke taruwa. Ana cike su da shara a yanka filaye a sayar. Ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga gidaje. A shekarar ruwa mai yawa irin 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan ta kuma kwantar da gidaje masu yawa, ginin ƙasar da ruwa ya kwana a gindinsa shi ke fara faɗuwa. Haka cin lungu: kowa in zai sake katanga sai ya matso da taku ɗaya, har a kai ga makara ba ta juyawa, motar kashe gobara kuwa ba a maganarta.

Zaure ma ana ta mayar da shi shago. Na san halin da ake ciki, kuɗin haya na taimakawa. Sai dai a tuna a nan ake karɓar baƙo, a nan ake zaman makoki da ɗaurin aure, shi ne kuma sitirar matan gida. In za a fitar da shago, a yanka daga jikin katanga a bar zaure.

Rigimar da ta fi tsayar da aiki ba ta gini ba ce. Gidan gado ne, ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya samu buɗi ya rushe ya gina na zamani, bayan shekaru 'yan'uwa mata da 'ya'yan mamaci su taso, a ƙare gaban alƙali. A zauna tukuna, a raba ko a rubuta yarjejeniya da shaidu, mai unguwa ya sani. Bangon da ke tsakaninka da maƙwabci kuma, sau da yawa nasa rufin ma a kai yake. Ka yi masa sallama kafin ka sa diga. Idan rushewa za a yi a sake gini a cikin birni, a nemi izinin hukumar raya birane ta jiha, KUDA, tun kafin a sauke yashi.

Kafin ma'aikata su shiga, a ɗauki hoton komai da waya: zanen fuskar zaure, zankwaye, ɗaurin rufi, tsofaffin ƙyamare. A kwashe abin da ke cikin alkuki da tsofaffin adakoki da hannun 'yan gida. A gari irin Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kuma malamai suka yi ta rubutu, takardun da ke ƙunshe cikin gafaka a ɗakin kaka na iya fin ginin kansa daraja, kuma lebura ba zai bambance su da shara ba. Wanda ke son ganin yadda aikin magabata yake kafin ya yanke shawarar rushewa, ya je Gidan Nabame a Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihin Kanta a 1958, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Wajen ɗaukar ma'aikaci, birkila da magini ba sana'a ɗaya suke yi ba. Birkila nagari zai gaya maka haka da bakinsa. A tambayi dattawan shiyya wa ya saura cikin gidan magina, ko da tsoho ne da ba ya iya hawa, ya zauna a inuwa yana nuna wa yara. A biya shi kuɗin dubawa kafin a sayi ko buhu ɗaya na wani abu. Kuɗin da ke hannu kuma a fara kashe shi a kan rufi da indararo, sannan magudana da gindin bango, sannan tsagogi, kwalliyar gaba ta zo daga baya in an samu rara. A fara aiki bayan kaka, lokacin da bango ya bushe kuma ma'aikata sun dawo daga gona, a tabbata yaɓen ƙarshe ya bushe kafin hadarin watan Mayu.